Yatsan da Kada Bai Ci Ba

A gidanmu na unguwar Nima, a Ankara, ba a hura wuta don hira kawai. Kakata, Iya Gambo, gyaɗa take soyawa a murhun gawayi bayan magariba, mu kuwa jikoki da 'ya'yan 'yan haya sai mu zagaye ta, rabi don tatsuniya, rabi don ƙonanniyar gyaɗar da take warewa. Daga Nijar aka kawo ta tun tana budurwa, kuma har ta rasu ba ta daina yi wa Hausarmu ta Ankara dariya ba. Ni takan ce da ni "mai gidana mai ɓata bango", don babu bangon da ban zane da gawayinta ba.

Idan ta ce, "Ga ta nan fa, mai barci ya tashi," mu ce ta zo mu ji ta. Wadda ta fi zama mini ita ce ta wata tsohuwa mai ginin tukwane, wadda kada ya cinye mata babban yatsa tun tana yarinya. Saboda haka kowace tukunya ta gina, sai bakin ya ɗan lotsa gefe guda. Aikinta na da ƙarko, har mutane ba sa sayen tukunya sai sun shafa sun ji lotsawar nan. Aka kawo mata wata yarinya koyo. Yarinyar ta iya cuɗa yumɓu, ta iya gashi, amma bakin tukwanenta sumul yake fita, abin yana ba ta kunya. Sai ta sami tsumma ta ɗaure babban yatsanta, tana aiki da huɗu. Nan da nan tukwanenta suka zama sak na tsohuwar.

Ran nan tsohuwa ta kama hannunta ta ga tsumma. A nan Iya Gambo kan ajiye ludayi, ta shaƙe murya: "Ke 'yar nan! Ni dai kada ya ci nawa. Ke wa ya ci naki?" Aka kwance tsumma, yatsa ya riga ya sandare.

"Iya, sai me?"

"Sai aka ci gaba da sayen tukwane mana. Ƙurunƙus, kowa ya kama tabarmarsa."

Mu dai dariya muka yi. Mun yanke cewa yarinyar sakarya ce, shi ke nan.

Da na gama makarantar midil, babana ya gaji da wankin bango, ya kai ni unguwar Kokomlemle wurin Masta Alhassan, mai zanen allunan masu aski da rubutun jikin motoci. Mutum ne marar yawan magana, koyarwarsa ita ce ka tsaya ka duba. Kowace fuska ya zana, sai ya zagaye ta da baƙin layi mai kauri kamar yatsa, yana yi hancinsa na kusan taɓa allon. Ni ma na sunkuya haka, na kaurara layina haka. Ranar da wani mai aski daga Maamobi ya kasa bambanta aikina da nasa, wallahi ko abinci ban iya ci ba don murna. Da ya sallame ni na buɗe shagona, da layin nan na ci abinci, da shi na yi aure.

Bayan shekaru 'ya'yansa suka kai shi asibiti aka cire masa yanar ido. Ashe tun kafin in san shi dishi-dishi yake gani. Ya zo shagona da sabon tabarau, ya daɗe yana duban allunan.

"Iliyasu, wannan baƙin layin na mene ne?"

"Naka ne, Masta."

"Ni fa don in ga inda fuska ta ƙare nake yin sa. Kai da idanunka biyu garau?"

Ya zaro siririn buroshi daga aljihu ya miƙo mini, ya ja benci ya zauna, ya ce in zana shi yadda nake ganinsa. Na yi iyakar ƙoƙarina. Na ga tabon da ke haɓarsa, na ga furfurar girarsa, amma da na zo gefen kunci sai hannuna ya danna buroshin da kansa, layin ya fito da kaurinsa. Ya karɓa ya duba, ya gyaɗa kai.

"To, ga ni nan na gani. Kai kuma ina kake?"

Abin ya yi mini ciwo.

Yanzu ba na ce wa yarinyar nan sakarya. Ta so malamarta ne, kuma wanda ke koyo ba shi da hanyar sanin wanne ne gwaninta, wanne ne rauni, duka tare ake miƙo masa. Ban ga laifin Masta ba, don duk abin da nake da shi daga hannunsa ya fito. Buroshin na nan cikin gwangwani a shago. Wani lokaci bayan la'asar, in babu aiki, nakan ɗauko shi in gwada a guntun katako. Masu aski dai har gobe mai kaurin suke so.