Masarar da Baba Ya Tausaya Wa

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a jami'a, fannin aikin gona, aka ce kowa ya yi binciken kammala karatu. Nawa a kan takin masara ne. Da yake filin gwaji na makaranta ya yi mana kaɗan, malamina ya yarda in yi a ƙauyenmu, can wajen Dandamisa. Mahaifina ya yanka mini gefen gonarsa ta bakin hanya. Lokacin jiki ya fara ƙi masa, kuma ba shi da wani zance sai na ranar da zai gan ni cikin rigar yaye ɗalibai.

Na zo da igiyar awo da turaku, ina ta iyayi kamar ni na ƙirƙiro noma. Na raba filin kashi-kashi: nan takin zamani, can takin gargajiya, wani yankin kuma ba za a sa masa komai ba, don da shi ake gwada sauran. Na yi wa Baba bayani har da su Turanci. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, Allah ya yi albarka." Ni kuwa uban masu ilimi na ɗauka ya gane, na koma makaranta abina.

Ranar da na dawo awo sai na tsaya turus. Yankin da ya kamata in tarar ya tsumbure, shi ne ya yi kore shar. Baba ya biyo ni yana dogara sanda, bakinsa har kunne.

"Ka ga yadda ta farfaɗo? Ai mantawa ka yi da wannan gefen. Masu wucewa kasuwar Maƙarfi har tsayawa suke suna dariya, wai ga gonar ɗan jami'a. Na ce ba za a yi da kai ba ina raye. Takin da na ajiye wa tawa na zuba mata."

Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga da ƙyar yake tsaye a kan sandar. Abin da ya fito kawai shi ne, "Sannu da aiki, Baba. Allah ya ƙara girma." Daga baya mahaifiyata ta gaya mini a zaune ya yi ta jan jiki yana binne takin gindi-gindi, don tsayuwa ta gagare shi.

Malamina ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Babu abin gwadawa, babu bincike. Ka yi haƙuri, sai wata daminar." Abokan karatuna suka tafi hidimar ƙasa, ni ina gida. Baba kan tambaye ni, "Wai rigar nan yaushe ne?" In ce, "Ta kusa, Baba." Ban taɓa gaya masa dalili ba, na kuma roƙi Inna kada ta faɗa.

Kafin ruwan shuka ya sauka Allah ya karɓi abinsa.

Na sake kafa turakuna a wuri guda. A wannan karon yankin ya yi rawaya ya tsumbure, daidai yadda littafi ya ce. Masu tafiya kasuwa suka yi ta nuna shi, ba wanda ya fito ya zuba masa taki. Nan na durƙusa cikin masarar na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Na gama da sakamako mai kyau, malamina har yabon aikin ya yi. Amma har yau ba na son a tuna mini, don raina ɓaci yake. Na san abin da ya sa binciken ya yi kyau: mai rufa mini asiri ne ba ya nan.