Kasko Ɗaya a Wuta

Har yau ban manta da ranar Talatar da na aza kasko ɗaya a wuta inda ya kamata in aza biyu ba. Tunda kun dame ni da tambayar abin da ya sa nake hana ku haɗa kayan mutane a narki, to ku ajiye wayoyin nan ku saurara, ba zan maimaita ba.

Lokacin mulkin soja ne, shekarar da aka yi wa ma'aikatan gwamnati ƙarin albashi, aka biya su na baya a dunƙule. Kuɗin mai ya shigo gari. Wanda jiya yake tafiya a ƙasa yau ya sayi babur, matarsa kuma tana son 'yan kunne da sarƙa kafin Salla. Ni ina aiki a maƙerar Malam Sambo a Ƙofar Dundaye, shekarata ta goma sha ɗaya a wurinsa. Mu maƙeran fari ne, wato masu aikin azurfa da zinariya da tagulla, ba masu ƙera fartanya da gatari ba. A maƙera irin tamu akwai maigida, shi ke karɓar aiki ya auna. Akwai na hannun dama, mai narki da ƙira, wannan ni ne. Sai masu zuga da masu wanke kaya. Ina da mata da 'ya'ya biyu a Gawon Nama, kuma na daɗe ina tara tsohuwar azurfa kaɗan-kaɗan a cikin wani gwangwanin madara, da niyyar in buɗe tawa maƙerar bayan babbar Salla. Maigida ya san da maganar, har ya sa albarka.

Yawancin aikinmu a wancan zamani ba da sabon ƙarfe muke yi ba. Mutum ne zai kawo tsohon abinsa, a narka, a sake masa wani. Tsarin kuwa ɗaya ne. Maigida zai auna a gaban mai shi da tsofaffin sulalla, ya goga a kan dutsen gwaji, wani baƙin dutse da ke nuna kyan ƙarfe daga launin zanen da ya bari. Sai a ɗaure kayan a tsumma, a sa alama. In an zo narki, kowa da kaskonsa. Kasko ɗan ƙaramin tukunya ne na yumɓu, bai fi tafin hannu ba. Ko garin da ke zuba in ana goge ƙarfe da magagari, a kan fata yake sauka, a tattara shi a mayar wa mai kaya. Malam Sambo ba ya wasa da wannan ko kaɗan.

Abu na biyu da ba ya wasa da shi shi ne gawayi. Gawayin ƙirya kaɗai ke narka azurfa da kyau, shi kuma ba ya sayen sai na busasshen itace. Bayan farin da aka yi na rashin ruwan sama, mutane sun shiga saran ɗanyar ƙirya suna toyawa, ana lodawa a mota ana kawowa birni. Sauran maƙera suka saya, mu aka hana mu. Wani tsoho ne mai jakuna yake kawo mana, wanda ke bin daji yana tsintar itacen da ya mutu da kansa. Maigida ya ce in aka cinye ƙirya a shekara biyar, bai san da me jikokinsa za su yi narki ba. Gaskiya ce, amma ni ke gaban wuta, kuma kullum gawayi ba ya isa. Na sha yin gunaguni a kan haka.

Ranar Litinin aka kawo aiki biyu. Na farko na Malama Saratu ne, malamar firamare, 'yar gidan malamai a can unguwar da maƙerar take. Mahaifiyarsu ta rasu ta bar munduwar azurfa guda ɗaya mai kauri, su kuma su biyu ne mata, ita da ƙanwarta. Suka yarda a narka a yi mundaye biyu daidai wa daida, kowa ta riƙe ɗaya. Tsohuwar azurfa ce mai laushi, zanenta a dutse fari tas. Na biyu na wani ɗan kwangila ne, Alhaji Garba. Ya zube tarkacen zobba da sarƙoƙi da ya saya a kasuwa, yana son a yi wa matarsa awarwaro kafin Alhamis. Maigida ya goga a dutse, ya gaya masa a fili cewa kusan rabinsu jan ƙarfe ne. Alhaji ya ce ba komai, in dai za su yi ƙyalli.

Da safiyar Talata maigida ya tafi taron suna a Mabera, ya bar ni da ƙullin nan biyu. Na leƙa buhu, gawayin da ya rage bai fi kwano ɗaya ba, tsoho mai jakuna kuma bai zo ba. Wannan zai yi narki ɗaya mai kyau, ba zai yi biyu ba. Ga gawayin mota nan a bakin hanya, amma na san in na saya sai an ji mu. Sai na ce a raina azurfa ai azurfa ce. In haɗa su a kasko ɗaya, in zuba sanda ɗaya, in yanke wa kowa nauyinsa. In an dafa da tsamiya da lemun tsami duk fari za su fito. Ba zan ce muku mantuwa na yi ba. Na ga zanen kowace a dutse da idona, na sani sarai ta Malama za ta lalace, ta Alhaji ta gyaru. Na kwance tsumma biyun, na zuba, aka zuga.

Maigida ya dawo kafin azahar. Bai dubi sandar ba tukuna, wurin da muke kife kasko ya huce ya duba.

Ya ce, "Haliru, aiki nawa na bar maka?"

Na ce, "Biyu, Baba."

"Kasko nawa ka aza?"

Ya ɗauki sandar, ya goga a dutse, ya miƙo mini dutsen in gani. Zanen ya yi ja-ja. Ya ce, "Wagga azurhwar wa ta?" Na fara bayanin gawayi da nauyi, ya ɗaga hannu. "Ban tambaye ka nauyi ba. In an yi la'asar ka tahi gidansu Malama ka hwaɗa mata abin da kay yi, da bakinka."

Wallahi na roƙe shi. Na ce in an wanke ba wanda zai gane, na ce sunan maƙera ne zai ɓaci, ba nawa kaɗai ba. Ya ce wata shida a hannunta za ta fara dusashewa, amma ko da ba za ta dusashe ba har abada, sai na je. Bai ɗaga murya ba, bai zage ni ba. Ya ɗauki butarsa ya tafi alwala.

Na isa gidan bayan la'asar. Mijinta ya shigar da ni zaure, ya aika aka kira ta, ta tsaya daga bakin ƙofar ciki. Na faɗi abin da na yi tun daga farko, ban rage komai ba, don na san maigida zai tambaya. Ta saurara har na gama.

Ta ce, "In anka yanke sandar, wane ɓangare na na Inna?"

Na ce, "Malama, tana cikin kowane ɓangare. Ba ya rabuwa."

"Ke nan rabin munduwar Inna za ya tahi hannun matar da ban sani ba."

Na ce haka ne. Ta ce mahaifiyarta ta fi shekara arba'in da munduwar nan a hannu, da ita take daka, da ita ta rene su, kuma ita Malama da kanta ta zare ta ranar da aka yi wa gawar wanka. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta ce in gaida Malam Sambo, ta juya ta shiga. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, na fito ban ma san ta inda na bi na koma maƙera ba.

Maigida ya riga ya yanke shawara. Sandar gaba ɗaya ta Malama ce, ba za a yanki ko ƙwaya ba, don duk abin da aka cire akwai ta mahaifiyarta a ciki. Alhaji Garba kuma za a gaya masa, a ba shi wata azurfar daidai nauyin tasa. Sai ya ƙara da cewa maƙera ba ta da azurfar da za ta kai wannan nauyi a yanzu. Bai ce in kawo tawa ba, bai ko dube ni ba. Washegari na zo da gwangwanin madara na juye a sikeli, abin da ya rage a ciki bai isa zobe uku ba. Alhaji da ya ji labari dariya ya yi, ya ce mu maƙera mun cika wahalar da kanmu. Ya kawo tarkace ya samu mai kyau, me zai dame shi.

Saura cire jan ƙarfen daga sandar. Wannan aiki ne da maigida ya koyo a Kumasi yana saurayi, kuma ba ya son yin sa. Ana narka azurfar da dalma a kan tokar ƙashi, a yi ta zuga har tokar ta shanye dalmar da jan ƙarfen, azurfa ta tsaya ita kaɗai. Hayaƙin dalma guba ne, don haka ba a yi cikin unguwa. Muka jira tsoho mai jakuna ya zo ranar Alhamis, muka fita bayan gari da hantsi, nesa da gidaje da rijiyoyi. Sai da muka ƙona kusan buhu guda. Ku lissafa da kanku, ni da na yi abin don in tsimi kwano ɗaya. Da muka gama, maigida ya sa na haƙa rami mai zurfi na binne tokar, ya ce kada dabba ta lasa.

Ni na ƙera mundayen biyu, yana zaune yana kallo. Sun fito da kyau, ba yabon kai ba. Malama ta zo, aka auna a gabanta, maigida ya gaya mata sun fi munduwar da ta kawo nauyi, ya gaya mata dalili. Ta juya su a hannu ta ce, "Tana ciki, amma ba ita ɗai ba." Ta yi wa maigida godiya, ni ko kallona ba ta yi ba. Ba ta sake kawo mana aiki ba, kuma malaman makarantarsu da suka saba zuwa suka ɗauke ƙafa na tsawon lokaci. Maigida bai taɓa tayar mini da maganar ba har ya rasu. Maƙerata kuma sai bayan shekara uku na buɗe ta.

Shekaru da yawa bayan haka, ina zaune a nan Mabera, gashina ya yi fari, wata mata ta shigo da munduwa a ƙulle a gyale. Tana kwancewa na gane bugun gudumata. Ta ce ita ɗiyar Malama Saratu ce, Malama ta rasu watan jiya, kuma su ma su biyu ne, suna son a yi musu zobba. Na yi mata ta'aziyya, na tambaye ta yadda aka yi ta zo wurina, ga maƙera cike da gari.

Ta ce, "Inna ta ce in buƙata ta taso a kawo maka, kai na ka zo har zaure ka hwaɗi abin da kay yi. Amma ta ce in tsaya nan har ka narka."

Na ce, "Ɗiyata, gaskiya ba ni na kai kaina ba. Maigidana ne ya tura ni. Da don ta ni ne, da shiru na yi."

Ta ce, "Ta san da haka, Baba. Shi ya sa ta ce in tsaya."

Abin da na koya a wannan sana'a shi ne, sikeli yana gaya maka nauyin abin da aka kawo, ba ya gaya maka ko na wane ne, ko hannun da ya fito. Mai kaya ba zai iya leƙa cikin kasko ba, da yardarsa kawai yake miƙo maka, kuma in ka taɓa ɓata ta, ko an yafe maka ba ta komawa yadda take. Ku yanzu kuna da gas, ba ku san wahalar gawayi ba, amma kullum akwai abin da zai ce muku ku haɗa, ko sauri ko ƙiwa.

Na ba ta kujera, na auna munduwar a gabanta, na ɗauko sabon kasko wanda ba a taɓa aza shi a wuta ba. Ta zauna tana kallon hannuna har azurfar ta narke, ba ta ɗauke ido ko sau ɗaya ba.