Ni Na Ce Wa Mijina Ya Hau Jirgin

A lokacin da abin nan ya faru, wajen tsakiyar shekarun dubu biyu, ina matar aure mai 'ya'ya uku, muna haya a wani ɗan ƙaramin gida a Glenwood, ba mu jima da zuwa birnin Greensboro na Amurka daga Yamai ba. Aikina kula da tsofaffi da marasa lafiya a gidajensu. Maigidana kuwa can gida makanikin jiragen soja ne, mutum ne da ake sara masa, amma da muka zo nan takardunsa ba su amfane shi da komai ba, ya ƙare a wata masana'anta yana ɗaure kwalaye. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba. Sai dai ya rage magana, ya rage cin abinci, in jirgi ya gifta ta saman unguwa ya ɗaga kai ya bi shi da kallo har ya ɓace. Ni kuma abin yana ci mini rai, musamman in dangi sun bugo waya suna tambayar aikin da yake yi, ina ta kwana-kwana.

Ana nan aka tura ni wani gida a Summerfield, in riƙa kula da wata tsohuwar Baturiya da ɓarin jikinta ya shanye. Mijinta tsohon matuƙin jirgin soja ne da ya yi ritaya, mutumin kirki, mai yawan raha. Yana da wani tsohon jirgi mai farfela ɗaya da kujeru biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, irin wanda sojojin wata ƙasa suka yi koyon tuƙi da shi kafin su sayar. Yana ajiye shi a wata rumfa kusa da wani filin ciyawa da ƙananan jirage ke tashi. Ran da na gaya masa sana'ar mijina, har tsaye ya miƙe, ya ce lallai in kawo shi ranar Asabar. Na kai shi. Tun daga ranar maigidana ya zama wani mutum daban. Yakan dawo da baƙin mai a farce yana ta zuba labari, har yara suka riƙa yi masa tsiya da Turancinsu wai Baba ya yi sabon aboki.

A wurin tsohon na fara jin cewa irin wannan jirgi ba ɗaya yake da wanda muke hawa mu je gida ba. A gefen ƙofarsa an rubuta wata kalma da manyan baƙaƙe, ma'anarta na gwaji. Ya ce hukumar jiragen sama ba ta ba shi shaidar da take ba jiragen fasinja ba, izini ne na musamman mai sharuɗɗa. Ba a ɗaukar mutum a ciki don haya, ba a yawo da shi yadda aka ga dama a saman unguwanni masu cunkoso, duk shekara sai makaniki mai lasisi ya duba shi, kuma duk wanda zai hau sai an gaya masa irin abin da zai hau. Ina jin sa ne kawai ina wanke-wanke. A raina na ce Turawa dai ba su da aiki sai doka, ko shara za ka fitar da ranarta.

Daga baya tsohon ya sayo wani inji mafi ƙarfi, suka shafe watanni suna ɗaurawa. Da suka gama, maigidana ya dawo wata ranar Asabar jikinsa a sanyaye. Ya ce tsohon ya roƙe shi ya shiga kujerar baya a tashin da zai yi mako mai zuwa, wai yana so wanda ya ɗaura injin ya ji ƙararsa a sama. Shi kuma ya ƙi, domin bayan babban canji irin wannan doka ta ce matuƙi shi kaɗai zai yi ta tashi na wasu sa'o'i, a wani yanki da aka keɓe masa nesa da gidaje, ba fasinja, har sai an tabbatar injin ba shi da wata matsala. Tsohon kuwa bai ko yi rabin sa'o'in ba. Maigidana ya ce a soja ma haka suke yi, kuma ya taɓa ganin abin da gaggawa ta jawo.

A nan ne na sa bakina. Na ce masa mutumin nan ya karrama mu, ya ɗauke mu kamar 'ya'yansa, ƙin amsa masa rashin kunya ne. Na ce ai da hannunka ka ɗaura injin, ko ba ka yarda da aikinka ba ne? Na san inda maganar za ta taɓa shi, shi ya sa na faɗe ta. Abin da ban gaya masa ba shi ne hoto nake so. Ina so in ɗauke shi a cikin jirgin da hular matuƙa a kai, in aika gida, a daina yi mini tambayar da ba ni da amsarta. Ya dube ni, sannan ya ce, "Maman yara, in kin ga ya dace, shi ke nan."

Ranar tashin da safe muka je, gari garau, ba ko iska. Na ɗauki hotunan, ya ɗaga mini hannu. Jirgin ya ruga a kan ciyawa ya tashi, ya wuce saman bishiyoyi, ina tsaye ina murmushi. Sai ƙarar ta yi kamar tari, ta dawo, ta sake yankewa, daga nan shiru. Na ga ya karkata yana neman juyowa, ya sulale bayan bishiyoyin. Ban san lokacin da na zubar da takalmana ba. A wata gonar dawaki ya faɗi. Tsohon bai kai asibiti ba. Maigidana sai da aka yanka ƙarfe aka zaro shi, ƙashin bayansa ya karye, kuma tun daga ranar bai sake taka ƙafarsa ba.

Masu bincike sun zo har gadon asibiti. Ba su yi mana tsawa ba, tambayoyi kawai suka yi, ciki har da ko ya san bai halatta ya hau ba. Ya ce ya sani. Bai ambace ni ba, har yau kuma bai taɓa ambata ba. Daga baya suka ce wani bututun mai ne ya saki, irin matsalar da sa'o'in gwajin nan suke tonawa. Tsohuwar da nake kula da ita 'ya'yanta suka kai ta gidan tsofaffi, ban iya zuwa na duba ta ba. 'Yan'uwa na masallaci sun tsaya mana, Allah ya saka musu, su suka yi mana katako a bakin ƙofa don keken guragu. Ni ce nake ɗaga shi, ni ce nake yi masa wanka, aikin da na saba yi wa baƙi. Sau ɗaya na durƙusa na ce ya yafe mini, ya ce, "Ke ba ki san dokar ba, ni na san ta." Wannan magana ba ta sauke mini komai ba, domin ya gaya mini dokar, ni ce na raina ta.

Na yarda da ƙaddara, amma na gane cewa dokokin nan ba don a takura wa kowa aka yi su ba, wasu ne suka mutu kafin a rubuta su. 'Yan'uwana da ke ƙasashen nan, in wani ya gayyace ku hawa ƙaramin jirginsa, komai kirkinsa, ku tambaya wane irin izini jirgin yake da shi, ko an taɓa injinsa kwanan nan, ko ya gama gwajinsa. Kada kunya ta hana ku. Ku kuma mata, in mijinki ya ce a'a a kan abin da ya fi ki sani, ki bar shi da a'arsa. Nawa ya faɗi tasa, ni na karɓe ta daga bakinsa.