Fatar Barewar Baba Yohanna

Da faɗa na shiga gidan Baba Yohanna, maƙwabcinmu a Bagama, saboda warin da ya hana mu cin abinci. Na tarar da shi tsugune gaban wata tsohuwar randa, yana cuɗa fata cikin ruwan toka.

Na ce, "Haba Baba, wannan wane irin abu ne? A cikin unguwa ake jima?"

Bai ɗago ba ya ce, "Yi haƙuri, 'yata. Fatar barewa ce, Iliya ya kawo mini daga ƙauye."

Iliya shi kaɗai ne ɗansa, mota ta kashe shi a hanyar Abuja. Tun ranar da aka binne shi Baba bai sake taka coci ba.

Ya ce, "Na bar ta a rataye har ta bushe ƙamas, kamar zuciyata. Fata ba ta laushi sai ta jiƙa, ta yi wari, an kankare ta, ta sha bagaruwa. Haka Ubangiji yake yi da ni. In ta gamu, a kanta zan durƙusa in koma addu'a."

Na ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Baba."

Ya ce, "Amin. Sai dai ita fatar ba ta jin zafin wuƙar. Ni ina ji."

Har yanzu warin na shigo mana ɗaki, amma na kasa rufe taga. Jama'a, da ku ne, me za ku ce wa wannan dattijo?