Asabar da Lahadi a Tungar da Babu Yara

Hedimastanmu ne ya kawo mana maganar hutun ƙarshen mako a Bagudo. An tura shi kwas Ikko a shekarar da aka sami 'yancin kai, ya dawo da baƙin tabarau da labarin teku. Wai can, ranar Asabar da Lahadi, mutane masu hankalinsu sukan tafi bakin ruwa su kwanta a kan yashi, ba wanki suka je ba, ba su ba, ba kuma jiran jirgin fito suke ba. Ya ce tunda Turawa sun tafi sun bar mana ƙasa, to sun bar mana har da hutunsu. Ya kuma ce asirin abin shi ne, in ka je wuri kada ka zauna kamar baƙo, ka yi yadda 'yan garin suke yi.

Sauran malamai dariya suka yi. Ni ban yi ba, don ina da bakin ruwan da zan je. Mahaifiyata 'yar masunta ce, daga wata tunga a bakin Kwara, can gaba da Illo, inda ƙasarmu ta haɗu da Dahome. Ta rasu ina ɗan shekara biyar, bayan shekara biyu aka kama ni aka sa makaranta, daga nan ban sake taka tungar ba. Duk wanda na tambaya game da ita sai ya ce, "Allah ya jiƙanta, mai haƙuri ce." Haka kuwa ake faɗa a kan kowace mamaciya. Ni so nake in zauna cikin danginta a matsayin ɗan gida, in ji ko da abu ɗaya ne wanda nata ne ita kaɗai.

Sai na yi abin da ɗan boko yake yi. Na rubuta wasiƙa ga Inna, yayar mahaifiyata, na ce ina nan tafe. Ambulan ɗin da na samu na makaranta ne, da hatimi a bayansa. Ban yi tunanin cewa a duk tungar babu mai karanta boko ba. Kawu, ƙanensu, shi ya ɗauki takardar ya kai wa jandarman Dahome da ke bakin iyaka. Shi kuma Faransanci kaɗai ya iya. Ya juya ta, ya dubi hatimin, ya ce wannan daga makaranta ta fito, kuma malami ne zai zo.

A wancan zamani malami ba ya zuwa ƙauye sai don abu ɗaya, ya rubuta sunayen yara a tafi da su. Mutanen tungar kuwa sun daɗe da samo maganin wannan. In malamin Dahome ne zai zo, sai su tsallako da yaransu wajen Nijeriya. In na Nijeriya ne, sai su kwashe su zuwa wani tsibiri da ake cewa na Dahome ne. Duk wannan daga baya na ji shi. Ranar da na isa ban san komai ba.

Na tashi bayan Juma'a a kan keke, na kwana a hanya, Asabar da hantsi jirgin fito ya kai ni. Na riga na cire kakina na cusa a jaka. Na sa gajeren wando da malfa sabuwa fil, na rataya sabuwar komar kamun kifi a kafaɗa, tana ta ƙamshin kasuwa. Agogon hannuna ne kawai na kasa rabuwa da shi. An ce da mutanen tunga suka hango ni, wani tsoho ya ce shi ke nan, gwamnati ta fara ɓad da kama.

Ina shirin tsoma ƙafa a ruwa kamar kowa, sai wasu ƙarti biyu suka sungume ni, ɗaya ta hammata ɗaya ta ƙafafu, suka dire ni a tudu ko ɗigon ruwa bai taɓa ni ba. Kafin in daidaita malfata an turo kujera a bayan gwiwata. Ita kaɗai ce kujera a tungar, kuma an ba wani dogon mutum aikin bina da ita. In na tsaya gaisuwa, kujera. In na tsaya kallon ruwa, kujera. Da na nufi bayan gari sai da na juyo na roƙe shi.

Inna ta fito. Na dubi fuskarta, na ga wani abu da na sani a ciki ban san inda na san shi ba. Na durƙusa, sai ita ma ta durƙusa. Na ƙara yin ƙasa, ta ƙara.

"Sannunku da zuwa, Malam," in ji ta. "Kun sha hanya."

Na ce, "Inna, ni ne fa."

"Mun sani, ranka shi daɗe. Mi kunka zo yi?"

Na ce hutu na zo, hutun ƙarshen mako. Ta dubi Kawu, Kawu ya dubi ruwa.

"Hutu," in ji Kawu a hankali. "Ciwo kunka yi?"

Na ce lafiyata ƙalau, so nake kawai in yi kwana biyu ina yin abin da suke yi. Suka ce to, madalla, Allah shi taimaki gwamnati.

Na yi shekaru ina mafarkin kifin tungar uwata. Da azahar aka kawo mini kaza. A wurinsu kifi abincin kullum ne, abin kunya ne a ajiye shi gaban babban baƙo. Aka shimfiɗa mini tabarma a bukka ni kaɗai, aka saki asabari. Ina gwaguyar cinyar wani tsohon zakara, ƙamshin banda yana shigowa ta kowace kafa, ina jin su a waje sun kewaye akushi suna tsotsar kan tarwaɗa. Da yamma ma kaza. Na fara jin tausayin kajin garin.

Na ce zan taya Kawu gyaran koma. Ya miƙo mini wadda babu ko huda ɗaya a jikinta. Da na nuna masa, sai ya ciro wuƙa ya yanke ido biyu don kada in ji kunya. Na ɗaure su, mutane biyar suna tsaye a kaina suna cewa ba su taɓa ganin ɗauri irin wannan ba. Gaskiya suka faɗa.

Sai wajen la'asar na gane abin da yake damuna a garin, wato shiru. Ba kuka, ba guje-guje, ba mai leƙen baƙo ta bayan zana. Har na goye an kwashe tare da uwayensu, don kada a rubuta su tun yanzu a dawo ɗauka bayan shekara shida. Na tambayi Inna ina yara.

"Ba mu da su."

"Duk tungar nan?"

"Allah bai kawo ba tukun."

Na nuna mata sawun ƙananan ƙafafu a laka. Ta ce akwai gajerun mutane da yawa a garin. Na nuna wata 'yar riga da aka manta a kan shinge. Ta ce tsumman tace koko ne. Na haƙura na tambaye ta mahaifiyata. Ta gyara zama, ta sunkuyar da kai, ta ce, "Allah shi jiƙanta, mai haƙuri ta." Raina ya ɓaci ƙwarai. Na yi tafiyar yini guda don in ji abin da ake gaya mini a ƙofar gidanmu.

Lahadi da safe na ga mata suna loda abinci a jirgin Inna. Manyan ƙwarya uku na tuwon shinkafa, tukunyar miya, da kwandon busasshen kifi. Na tambaya na waye, aka ce na masu aikin gona ne. Sauran jiragen duk sun fita su tun asuba. Matan suka koma wajen girki, Kawu ya koma gida ɗauko filafilin tuƙi, mai kujera kuma ya juya yana gyara mata ƙafa. Karo na farko ke nan da babu mai kallona.

Jirgin yana ɗaure a turke, rana ta fara dukan abincin. Can gefe kaɗan na ga wata ciyawa mai duhu, dogayen ganye, da inuwa a ƙarƙashinta. Na ce a raina ɗan gida ba ya jira a sa shi aiki. Na kwance igiya, na shiga ruwa har cinya, sanyinsa ya ratsa ni, na ji daɗi ba kaɗan ba. Na ja jirgin zuwa inuwar, na tattara ciyawar dam a hannu na ɗaure igiyar, ƙulli uku. Na dawo tudu na zauna a kujerata da kaina.

Abin da ko ɗan yaye ya sani a tungar shi ne, lokacin cikar ruwa irin wannan ciyawa ba ta da saiwa a ƙasa. Yawo take yi, ta kwana nan ta yini can. Ina zaune na ga inuwar ta fara matsawa. Na ɗauka idona ne. Ƙullina bai kwance ba, wannan kam ina alfahari da shi har yau. Ciyawa da jirgi da tuwo suka shiga tsakiyar Kwara suka miƙe, suka nufi Yawuri cikin natsuwa.

Inna ta fito da muciya a hannu. Ta dubi turke, ta dubi jirgin da ya koma kamar ɗan sakaina, ta dubi jiƙaƙƙen wandona.

"Wa yak kwance shi?"

Na ce ni ne, na kai shi inuwa ne.

"Inuwa! Ga haki kaɗ ɗaure min jirgi? Abincin ɗiya talatin, suna can gungu tsakiyar ruwa tun jiya da yunwa saboda kai!" Muciya ta sauka a kafaɗata. "Sakarai ɗan sakara! Wallahi uwakka ce sak! Ita ma haka tay yi min, tana budurwa ƙatuwa, taɗ ɗaure jirgin babanmu ga haki tat tsaya tana waƙa. Kwana ukku muna biɗa tai. Ni anka buga, ita tana bayan rumbu tana dariya har da hawaye. Ko tuƙi ba ta iya ba, in ta riƙa hilahili sai jirgi shi yi ta zagaye wuri guda. Haƙuri? Wa yag ga haƙuri gare ta? Barkono ta, ga tsoron kwaɗo!"

Ta ƙara mini ɗaya a baya. Na tsaya ban kauce ba, ina roƙon Allah kada ta yi shiru. Uwata tana waƙa. Uwata tana tsoron kwaɗo. Shekara goma sha takwas babu wanda ya ba ni ko rabin wannan.

Mai kujera ya dube ni sama da ƙasa, ya ja kujerar ya zauna abinsa. Kawu ya iso da filafili a kafaɗa, ya tarar babu abin tuƙawa. Ya daɗe yana kallon ruwa, sannan ya ce wa mutanen da suka taru, "Ku tahi ku ɗauko ɗiyan nan su ci abinci gida. Wanga ba shi kama ɗan kowa. Jirgi ma bai iya tsarewa ba."

Aka buga ganga, jiragen masunta suka juyo. Wasu suka bi na Inna, suka cim masa da azahar, wasu masunta na ƙasa sun riga sun taimaka wa tuwon. Sauran suka nufi tsibiri. Ni kuma Inna ta ce in cire wannan abin da ke hannuna in tafi itace. Na yi sawu huɗu, ta raina kowane ɗauri. Ina dawowa na ƙarshe na tarar tungar ta cika da kururuwa, yara ko'ina, tsirara da masu bante, suna rige-rigen gwada malfata.

Da aka sauke sabon tuwo na nufi bukkar baƙi don ɗauko jakata. Inna ta daka mini tsawa, ta nuna akushin da Kawu da sauran maza suka kewaye. Ba tabarma, ba kaza. Kan tarwaɗa ne a cikin miya, hannuwa shida suna kai da komowa. Na zauna a ƙasa, na gutsuri loma, na tsaya ina kallo.

"Ci da sauri, kai," in ji Inna, ba ta ko dube ni ba. "Uwakka ma kullum sai ta tsaya kallo, a bar ta da ƙaya."