Kokenmu a Cikin Buta

Shekarun da na yi ina aiki a wani kamfanin roba a Sharada sun faɗo daidai lokacin mulkin soja. Butoci da bokitai da silifas muke bugawa. Ni aikina shirya kaya cikin kwali, kuma da yake na ɗan taɓa boko, ni nake rubuta wa abokan aiki wasiƙar gida. Kullum da safe a keke nake tahowa daga Ɗorayi.

Wata Litinin muka tarar sojoji sun kafa shinge a mararrabar da ake bi a shiga layin kamfanoni: ganguna biyu, katako mai ƙusoshi, da buhunan yashi. Rediyo ta ce don kare lafiyarmu aka yi, kuma lallai daga ranar muka fara motsa jiki, domin da wuya a wayi gari ba a sa wani tsallen kwaɗo ba. Dokar wurin ba ta da wahala. Mai keke ya sauka ya tura, mai ƙafa ya ɗaga hannuwa sama. Wanda ya kalli soja cikin ido ya raina shi, wanda ya sunkuyar da kai akwai abin da yake ɓoyewa.

In faɗi gaskiya, makon farko daɗi muka ji. In an kwantar da kwandastan bas ana zane shi, sai mu rage tafiya don mu sha kallo. Mai kula da siton kamfaninmu, wani dogo mai biro uku a aljihun gaba, shi ya fi kowa murna.

"Ƙasar nan sai da bulala," in ji shi. "Ai gwamnati ba ta dukan mutum haka kawai."

Muka ce gaskiya ne, Malam.

Akwai wani dattijo mutumin Filato, Kirista, wanda yake gyara mana injuna. Baba Injiniya muke ce masa. Ya daɗe a kamfanin har ya riga manaja zuwa. Ba ya buɗe inji sai ya fara kasa kunne ya saurare shi, sannan ya nuna wurin da cutar take. Wata Alhamis da safe yana tura kekensa a gabana, soja ya taɓa jakar da ke ɗaure a baya da bakin bindiga.

"Mene ne a nan?"

"Kayan aiki ne, ɗana," in ji Baba.

"Wane ne ɗanka?"

Kafin Baba ya buɗe baki ya sha mari. Na biyu da gindin bindiga aka yi shi, a gefen kunne. Daga nan suka sa shi ya yi ta birgima cikin kwatar da ruwan rinin kamfanoni yake bi, sufanu da filaya sun watse a titi. Mun fi mutum talatin a layin, kowa hannu a sama. Nawa hannuwan na kan kan keke, na riƙe shi gam kamar za a ƙwace. Na tuna ina gaya wa kaina cewa in na saki keken zai faɗi.

Kusa da shingen akwai rumfar wata Hajiya mai sayar da koko da ƙosai da safe, shinkafa da wake da rana. A wurinta ma'aikata suke ci, a wurinta sojojin ma suke cika ciki su shafe baki su tashi. Ita ce ta fito da kwanon ruwa, ta ratsa tsakaninsu, ta durƙusa tana wanke wa Baba fuska.

"Kai yaro, ba ka ji kunya ba?" ta ce wa sojan. "Wannan sa'an ubanka ne."

Sai sojan ya je ya haɓare tukunyar kokonta da ƙafa. Hajiya da wata mata 'yar kudancin Kaduna mai sayar da dafa-duka suka tare mota suka kai Baba asibiti. Mu kuwa muka wuce aiki don kada mu makara.

Jarumtakarmu sai lokacin hutun rana ta iso. Muka taru a bayan janareta, inda ƙararsa ba za ta bari a ji mu ba, kowa yana faɗin abin da ya so yi da safe Allah bai nufa ba. Wani ya ce saura ƙiris ya shaƙe sojan. Mai sito ya ce shi tun farko bai yarda da shingen nan ba. Aka yanke shawara a rubuta takardar koke zuwa ofishin gwamna a unguwar Nassarawa, aka ce ni zan rubuta.

Na rubuta da zafina: an yi wa dattijo dukan kawo wuƙa ba laifin tsaye ba na zaune. Da na karanta musu, sai aka fara gyaran murya. Wani ya ce kalmar "duka" ta yi nauyi, a sa "ɗan saɓani". Wani ya ce a fara da yabon gwamnati, don a san mu ba 'yan tawaye ba ne. Kwana uku ana gyara. Kafin a gama, takardar tana gode wa hukuma bisa tsaron da ta kawo mana, tana roƙo in da hali a riƙa duba shekarun mutum kafin a ladabtar da shi.

Sai batun sa hannu. Mai sito, da birukansa uku, ya ce yatsansa ya gurɗe. Wani mutumin Damagaram ya ce shi baƙo ne a ƙasar nan, bai dace ya tsoma baki ba. Wani Bahaɗeje ya ce sai ya je gida ya shawarci mahaifinsa. Wakilin ƙungiyar ma'aikata ya ce irin wannan sai an kafa kwamiti. Da aka juyo kaina na ce ai a al'ada mai rubutu ba ya sa hannu, al'adar da a nan take na ƙirƙiro ta.

Muna cikin haka sai ga motar soja ta shigo harabar kamfani. Ban san lokacin da na naɗe takardar na cusa ta cikin wata koriyar buta ba, na rufe murfi, na jefa a kwali, na liƙe. Ashe bokitai suka zo ɗiba. Kafin su tafi hankalina ya dawo, an loda kwalayen ranar a babbar mota mai zuwa Maraɗi. Ina kyautata zaton wani bawan Allah a can ya tashi yin alwala ya tarar da kokenmu.

Duk kwanakin nan Hajiya ba ta fito ba. Ba ita kaɗai ba: mai dafa-duka, mai fura, mai gurasa, duk babu. Daga baya muka ji gida-gida ta bi su, ta ce kada wadda ta sake ɗora tukunya a mararrabar nan muddin shingen yana nan. Wuri ya bushe ƙayau. Sojoji suka koma cin busasshen burodi, mu ma haka. Kuma wallahi mitar da muka yi a kan matan nan ta fi wadda muka yi a kan sojoji.

"Matsalar mata rashin hangen nesa," in ji mai sito. "Za su ja mana bala'i."

Abu ɗaya zan iya yaba mana. Sojojin sun riƙa tsayar da mu ɗaya bayan ɗaya suna tambayar gidan Hajiya, kuma babu wanda ya faɗa. "Ban sani ba, ranka ya daɗe." Wannan jimlar dama mun ƙware a kanta, sai ga shi ta yi rana.

Bayan kamar mako biyu muka zo da safe ba ganguna ba buhuna. An ce sojojin sun koma hanyar Challawa. Ko yunwa ce ta kore su, ko umarni ne daga sama, har yau ban sani ba. Amma maza ba su bar abin ya tafi ba mai shi. Wasu suka ce addu'arsu ce. Wasu suka ce labarin takardarmu ne ya kai kunnen manya. Mai sito yana gaya wa sababbin ma'aikata cewa shi ya fara sa hannu. Ba wanda ya tambayi yadda ma'aikatan fatu na Challawa suke kwana.

Baba Injiniya ya dawo aiki, amma kunnensa na hagu ya mutu. Sai ya tsaya gaban inji ya karkata kai, ya daɗe, sannan ya girgiza kai. Bai cika wata uku ba ya ajiye aiki. A taron sallama manaja ya ce tsufa ne, muka tafa. Da zai tafi ya riƙe hannuna.

"Ɗana, an ce kun rubuta takarda a kaina."

"An rubuta, Baba."

"An tura?"

"Har ƙasar waje," na ce.

Ya dube ni, ya ce, "To, Allah ya saka."

Hajiya kuwa da ta dawo, ta tarar wani mai shayi ya kafa teburi a gurbinta, kuma surukin mai sito ne. Dole ta koma can ƙarshen layi, bakin kwata, inda warin rini yake hana mutum zama. In mun fito hutu mukan ɗaga mata hannu daga nesa.

"Hajiya jaruma! Hajiya maganin soja!"

Ita kuma takan ɗaga ludayi ba tare da ta dube mu ba.

"Ku wuce, 'ya'yana," in ji ta. "Kada shayinku ya huce."