Jan Biron Mai Hoto

Yayana mai ɗaukar hoto ne, kuma duk layinmu ba mai kiransa da sunan yanka, Mai Hoto kawai ake ce masa. Shagonsa ɗaki biyu ne a ƙasan wani bene, tsakanin kemis da mai gyaran waya. A ɗakin farko akwai labule mai zanen lambu, da doguwar kujera, da manyan fitilu biyu masu lema. A na ciki kuwa tebur ne da kwamfuta, inda yake yi wa fuskokin mutane kwaskwarima. Mutum ne mai sanyin hali, irin wanda ake cewa ko yatsa ka sa masa a baki ba zai ciza ba. Ni ce ƙanwarsa, ni ce kuma mai bakin gidanmu, na sha tayar da jijiyar wuya a kansa don a ganina haƙurinsa ya sa ake taka shi.

Yana da wata ɗabi'a a wurin aiki. Kafin ya gyara hoto sai ya fitar da na gwaji a 'yar takarda, ya ɗauki jan biro ya kewaye duk abin da za a cire, ƙurji ne, tabo ne, ko furfurar da mai ita bai shirya karɓa ba. Da'irar tasa ba ta taɓa haɗewa. Yana barin ta a buɗe daga sama, sannan ya ja mata wutsiya ƙasa kamar ƙugiya. Mun sha tsokanarsa cewa mutumin da ke gyara hancin jama'a ya kasa rufe sifiri.

Cikin 'ya'yansa, Auta ce ta tashi a shagon. Tana tatata ta kama ɗaya daga cikin fitilun nan da zafinta, lokacin shi yana can yana gyara wa wani zaman hula. Bayan hannunta na hagu ya ƙone, ya warke ya bar tabo mai tattara. Yaya bai taɓa yafe wa kansa ba, amma maimakon ya yi magana sai ya yi abin da ya iya. Duk hoton Auta da ya ɗauka sai ya goge tabon. Hotunanta da ke jere a bangon falonsu, hannu sumul kamar ba abin da ya taɓa samunsa. Da yarinya ta yi wayo ta lura, sai ta koma sa riguna masu dogon hannu, in tana gaban ubanta ta cusa hagun a cinya. Shi kuwa ya ɗauka kunya ce ta 'yan mata.

Da wayoyi suka cika gari kowa ya zama mai hoton kansa, kasuwar Yaya ta ja baya. Sai ya wuni a ɗakin ciki ba wanda ya leƙo. A wannan zaman banzan ne ya buɗe shafi a intanet da sunan Jan Biro, abin da ba mu sani ba sai daga baya. Yakan ɗauko hoton da wani ya sa, ya kewaye masa aibu da jan layi, ya rubuta magana ɗaya mai yaji a ƙasa. Haƙoran wani, ƙibar wata, bangon ɗakin wani da ya tsage. Mutane suka yi ta bin sa suna shewa. Mutumin da ko a taron dangi ba a sauraron ƙarshen maganarsa, ga dubbai suna jiran ya tofa.

Na tuna wata ranar da na biya shagon na tarar ana musu a bencin ƙofa. Mai kemis yana cewa ya kamata a tilasta wa kowa sa sunansa na gaskiya a intanet, don wanda ya san za a gan shi a kasuwa ba zai zagi uwar wani ba. Yaya, wanda ba ya musu, ranar har da miƙewa tsaye. Ya ce ɓoye suna shi ne garkuwar mai ƙaramin ƙarfi, da shi yake faɗa wa manya gaskiya ya kwana lafiya. Har na ji daɗi a raina, na ce ashe Yayanmu ya fara baki. Kuma maganar tasa akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, don na san wata da ɓoye sunan ya yi wa rana.

Auta ce. Bayan ta gama sakandare ta koyi saƙar kwarashi, ta buɗe shafin koyarwa ba suna, ba fuska, ba murya, hannaye biyu kawai a kan farin ƙyalle suna sarrafa zare. A ɗakina take ɗauka, ni kaɗai na sani. A nan ne take naɗe hannun riga har gwiwar hannu ba ta damu ba. Mata suka riƙa turo hotunan hulunan jarirai da suka saƙa suna yi mata addu'a, ba wadda ta taɓa ce mata me ya sami hannunki. Na ga yarinyar nan tana dariya har da ƙyaƙyatawa, abin da na daɗe ban gani ba.

Wata Asabar da hantsi ta shigo ɗakina ba sallama, ta miƙo mini wayarta. Hoton hannunta ne, an kewaye tabon da ja, an rubuta a ƙasa: "A fara saƙa wa wannan hannun safa tukuna, kafin a koya wa jama'a." Mabiyan Jan Biro kuwa sun yi mata ca, wannan ya ce ƙafar kaza, wancan ya ce ya fasa cin abinci. Raina ya ɓaci, na buɗe baki na fara surfa wa mai shafin zagi, na haɗa da iyayen da suka kasa ba shi tarbiyya.

"Gwaggo, bar zagin nan," in ji Auta. "Dubi da'irar."

Na duba. A buɗe daga sama, da wutsiya kamar ƙugiya. Ashe iyayena nake zagi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Tare muka tafi shagon. Yana ɗakin ciki, hotunan gwaji a baje a gabansa, kowanne da jan kewayensa. Auta ta ajiye wayar a tsakiyarsu. Yaya ya kalli wayar, ya kalle ni, ya yi tsuru-tsuru. Ya fara kame-kame, wai wasa ne, wai kowa ma yana yi, wai ina ruwanmu da shafin wata mai saƙa. Sai ya ga idon 'yarsa.

"Baba, abu ɗaya nake so in sani," ta ce. "Da ka kewaye shi, ka san hannuna ne?"

"Wallahi ban sani ba, Auta. Wallahi ban gane shi ba."

Ya faɗa da sauri, a zatonsa wannan ce amsar da za ta wanke shi. Ita kuwa ta gyaɗa kai a hankali.

"Ni ma haka na zata."

Ta naɗe hannun rigarta, ta ɗora hagun a kan tebur ƙarƙashin fitila, ta bar shi nan. Yaya ya daɗe yana kallonsa. Mutumin da ke hango ƙurji a goshin baƙo tun daga bakin ƙofa, bai san hannun da ya ƙone a shagonsa ba. Ban taɓa ganin babba ya ƙanƙance haka a kujera ba, kuma duk da bakina ban iya ƙara masa ba, sai dai na tambaye shi ko sauran da ya kewaye ba 'ya'yan mutane ba ne.

A ranar ya rufe shafin, amma hoton ya riga ya bazu a wayoyin da ba shi da iko da su. Auta ba ta sake sa komai a shafinta ba, kwarashinta yana nan a ɗakina cikin leda da rabin hula a jiki. A gida tana gaishe shi, tana kai masa ruwa da hannun dama.

Kwanan baya na same shi a ɗakin ciki yana buɗe tsofaffin hotunan Auta a kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, tun na yarintarta. Ya ce yana neman guda ɗaya ne tak wanda hannunta yake yadda Allah ya bar shi, ya wanke ya rataye a falo, ko za ta gani. Na ja kujera muka nema tare har muka kai na ƙarshe. Babu. Duk wanda ya gyara, a kan na asalin yake ajiye shi, na asalin ya goge.